Shekarar da Babanku Ya Shiga 'Yan Ganye

Ranar sadakar arba'in ɗin babanku ina zaune a ɗaki tare da mata, sai na jiyo muryar Mamman, babbanku, ta taga. Yana ce wa wani abokinsa, "Jam'iyya ce ta cinye mana uba." Gidan cike yake da baƙi, na ci gaba da karɓar gaisuwa. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, kuma daga baya na lura ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba, dukanku haka kuka ɗauka, kunya ce kawai ta hana sauran faɗi. Shi ya sa na sa aka sayo mini littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, nake zama kowace hantsi in rubuta abin da hannuna zai iya. Ina so ku san yadda aka yi daga bakin wadda aka yi a gabanta. Idan akwai wanda za ku riƙe a zuci a kan shekarun da kuka tashi babu uba a gida, to ba jam'iyya ba ce, ba kuma shi ba ne. Ni ce.

A shekarar da abin ya faru muna gidanmu na Dogon Dutsi, wanda kuka sani, kafin a ƙara ɗakunan baya. Babanku malamin gona ne. Damanar da ta gabata ruwa ya ɗauke hatsi na cikin fitar da kai, don haka tun kafin bazara ta yi nisa rumbuna da yawa sun koma fanko. Sai aka kawo wani proje, wato shirin aiki, na raya fako a wajen Sukukutane. Ku da kuka tashi a gari ba lalle ku san aikin ba: ana haƙa rami mai siffar rabin wata a ƙasar da ta mutu ta yi tauri kamar daɓe, domin idan ruwa ya sauka ya tsaya a ciki maimakon ya gudu, sannan a dasa itace a bakinsa. Duk wanda ya haƙa ana biyansa. Maza sun tafi cin rani, saboda haka yawancin masu riƙe diga mata ne. Aikin babanku shi ne ya bi layi da igiya da sanda yana auna ramukan, ya ce wannan ya yi, wannan a ƙara masa zurfi. Yana son aikin ƙwarai. Yakan dawo gida da jar ƙasa har cikin kunnuwansa yana ba ni labarin yadda wurin zai koma nan da shekara goma, kamar mai ba da labarin gidan da ya gina.

Abin da ba ya faɗa mini shi ne lokacin da ake aikin. Ba a fara haƙa sai ɗan kwangila ya iso, shi kuwa daga gari yake tasowa bayan ya karya kumallo, ga hanya duk rairayi. Mata sukan taru tun da asuba su zauna jira, sai rana ta take sannan a ce a fara, a yi ta yi har la'asar. A tsakiyar bazara ke nan, a kan fako, inda babu inuwar da ta kai ta rufe akuya. Ruwan sha kuwa sai wanda mace ta ɗauko a jarkarta daga gida.

Ƙanwata Zali, innarku, tana cikinsu. Tana aure a wani ƙauye kusa da wurin, mijinta ya tafi kudu neman kuɗi, ga yara uku, ga cikin wata shida. Wata ranar Talata, rana tsaka, ta ɗaga diga ba ta sauke ba, ta faɗi a cikin ramin da take haƙa. Babanku ne ya ɗauke ta da hannunsa ya ɗora a amalanken jaki, ya bi a ƙasa har ɗakin likita. Ita ta rayu. Cikin bai tsaya ba, namiji ne.

Ya shigo gida da yamma bai yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba ba. Ya zauna a kan turmi da takalmansa, na kawo ruwa bai karɓa ba. Da ya gama faɗa mini, sai ya ce:

"Rabi, da sahe na auna ramin nata. Na ce mata bai kai ba, ta ƙara."

Na ce, "Malam, aikinka ne ka yi."

"Aikina ne," in ji shi. "Shi ya sa na kasa shan ruwan nan."

Ya fara bin hanyar da ma'aikaci ke bi. Ya rubuta wa shef ɗinsu, shugaban ofishinsu, takarda, yana roƙon a riƙa fara aiki bayan sallar asuba a tashi kafin rana ta yi tsaka, a kuma kai ruwan sha wurin. Shef ya ce wannan maganar ɗan kwangila ce. Ɗan kwangila ya ce shi abin da aka rubuto masa daga sama yake bi. Takardar ta yi ta yawo har ta ɓace, mata kuma suka ci gaba da haƙa da rana.

Ana cikin haka Majo Sha'aibu ya zo yi mana jaje, don na ɗauko Zali ta yi jinya a wurina. Majo tsohon babban ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya, gidansa na bayan namu. Shi ke riƙe da reshen wata ƙaramar jam'iyya mai koriyar tuta a yankinmu, wadda mutanen gari ke kira 'yan ganye don ba'a. Ana cewa jam'iyyar da ba ta raba ko sabulu, taronta duka bai cika inuwar dogon yaro guda ba. Gaskiya ne kuwa, a inuwar dogon yaron ƙofar gidansa suke taruwa, kuma inuwar takan yi saura. Ya duba idon Zali da tafin hannunta irin na tsohon likita, sannan ya zauna da babanku a zaure. Ina jin su daga tsakar gida.

"Isuhu, na yi aikin likita tun kana lakwal," in ji Majo. "Zahin wanga lokaci ba shi ne wanda na sani ba. Da can bazara tana da iyaka. Kuma ka duba wa yake kashewa. Ba masu motoci da manyan injuna da sunka hura shi ba, a'a, mace mai ciki da ba ta taɓa kunna ko fitilar lantarki ba. Ita ce za ta gyara ƙasar da wasu sunka ɓata, kuma a ce ta gyara ta da rana tsaka."

Babanku ya ce, "Majo, ni ba ɗan siyasa ba ne."

"Mu ma da 'yan siyasa ne da mun ci zaɓe ko sau ɗaya. Ka zo ka zauna dai ka ji."

Ya je. Mako na gaba ya sake zuwa. A na uku ni ma na yafa mayafi na bi shi, Zali na dafe da kafaɗata. Mutum goma sha wani abu muka tarar: malaman makaranta biyu, wani tela, wani makiyayi daga Dumega da ke zuwa a kan raƙumi ran kasuwa, da wasu mata masu sayar da itace. Zaɓen konseye, wato kansilolin ƙananan hukumomi, yana matsowa, suna shirya abin da za su faɗa wa jama'a. Maganarsu ba ta da yawa. Mai aikin ƙarfi a bar shi ya yi da sanyin safiya, a ba shi ruwa, in ya ji ciwo a wurin aiki a yi masa magani. Kowace ƙaramar hukuma ta ajiye hatsi tun da kaka, ta sayar wa talaka da sauƙi idan damina ta yi tsaka, lokacin da tiyar hatsi ke gagarar mai iyali. Sannan taimakon da ake cewa ana aikowa saboda canjin yanayi, a faɗa wa mutanen ƙauye abin da ya zo da inda ya tafi, tunda da sunansu aka karɓo. Da aka nemi wanda ya san aikin fako ya yi bayani, babanku ya miƙe. Ban taɓa jin ya yi magana a gaban taro ba sai ran nan. Kafin a watse Majo ya roƙe shi ya yarda a sa sunansa a jerin 'yan takara.

'Ya'yana, watannin da suka biyo baya su ne na fi kewa a duk zamana da babanku, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Gidanmu ya cika da mutane. Matan unguwa suna zuwa muna yanka koren yadi muna ɗinka kallabi, Zali na zaune a tabarma tana ƙulla bakinsu, har ta fara dariya kuma. Babanku da Majo suna hawa tsohon babur ɗaya su bi kasuwanni, yau Matankari, jibi Dumega, wani makon Tibiri. Ba su da makaɗa, ba su da lasifika mai kyau, sai su tsaya kusa da masu awon hatsi su jira mutane su taru. Wani lokaci a saurare su, wani lokaci a yi musu ihu a ce su kawo ganyen a yi miya. Yana dawowa zai nemo ni duk inda nake, ko ina bakin murhu, ya tsuguna ya kwashe mini komai: abin da wata tsohuwa ta ce, tambayar da ta kayar da shi, inda babur ya kafe a rairayi suka tura. Sai ya ce, "Ke me kika gani? Da kin ce musu me?" Shekara goma sha shida muna tare kafin nan, zaman lafiya muke, amma zaman kawo cefane da karɓar tuwo. A wannan shekara ce ya fara tambayata abin da nake tunani, ni kuma na gano ashe ina da abin faɗi.

Ba kowa ya ji daɗi a gidan ba. Baffanku Alhaji Sani, ƙanin babanku, ɗan kasuwar hatsi ne, yana da sito biyu a bakin kasuwa. Yana cikin samarin nan masu wa'azin gyara addini, mutum ne mai tsare sallah da gaskiyar awo, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Amma maganar tiya ta taɓa shi kai tsaye. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo, ko zama bai yi ba.

"Yaya, a kasuwa ana nuna ni da baki. An ce wana na yawo yana cewa mu ne muke ɓoye hatsi."

"Ban ambaci sunan kowa ba, Sani."

"Sai ka ambata? Ni da dukiyata na saya da kaka, lokacin da manoma ke roƙona in saya. Na hidda zakka. In ya yi tsada da damina laihina ne? Ruwa da zahi na Allah ne, ku kuna neman ku mai da su na jam'iyya."

Kakarku Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana gyaran zogale. Ita mutuniyar Matankari ce ta asali, ta tashi a gidan da ake girmama iskoki, kuma har ta rasu ba ta bar wasu abubuwan ba, abin da ke haɗa ta faɗa da Sani kullum. Ba ta ɗaga kai ba ta ce:

"Na Allah ne, amma ku kunka kore shi. Hwakon nan da kuke magana, ina yarinya daji ne, doguwa na zaune cikin manyan gawon wurin, ba mai sa musu gatari. Kunka ce babu doguwa, kunka sare. To ga shi nan, babu doguwa, babu gawo, babu ruwa."

"Inna, wannan shirka ce, ki bari."

Babanku ya yi dariya ya ce ashe shugabar 'yan ganye tana cikin gidansa bai sani ba. Inna ta ce kada ya kuskura ya sa ta cikin shirmensu. Sani bai yi dariya ba, ya fita.

Saura 'yan makonni zaɓe shef ya kira babanku ofis. Bai yi masa faɗa ba, har shayi ya sa aka kawo. Ya ce maganar fako da yake yi a kasuwanni ta kai kunnen manya, kuma ba su ji daɗin a ce ma'aikacin da ke cikin aikin shi ke kushe shi ba. Ya ce shawara yake ba shi ta ɗan'uwa: ya cire sunansa daga takara, a manta. Idan bai cire ba, akwai wuraren da ke neman malamin gona, kuma ba shi zai zaɓa masa ba.

Labarin ya riga shi isowa gida. Sani ya ajiye fushinsa ya zo, ya ce ya janye, in ma aikin ne ya ishe shi ga kasuwa, su haɗu. Inna ta ce ita ta tsufa, ba ta son a kai mata ɗa inda ba za ta ji tarinsa da safe ba. Majo da kansa ya zo ya ce, "Isuhu, kana da iyali. In ka janye ba wanda zai ga laihinka, ni ne na farko da zan tare maka." Babanku ya saurari kowa.

Washegari da la'asar ina bayan gida ina ba awaki dusa, ya zo ya tsaya ya dafa dangar. Ya daɗe yana kallon awakin.

"Kowa ya hwaɗi tashi, ke ba ki ce komi ba."

Na ce, "Ba a tambaye ni ba."

"Ga shi ina tambaya. Abin da kika ce shi zan yi, Rabi. Wallahi ko wanne ne."

Na san da gaske yake. Da na ce ya janye, da safe zai je gidan Majo, kuma ba zai taɓa yi mini gori ba. Na tsaya da ƙwaryar dusa a hannu. Na tuna matan da suka zo daga ƙauyen su Zali da ƙafa, don kawai su ga mutumin da aka ce ya tsaya a kasuwa ya faɗi abin da ke faruwa da su. Na kuma tuna yadda ya zauna a kan turmi ya kasa shan ruwa. Amma zan faɗa muku gaskiya duka, tunda don ita na ɗauki alƙalami: ba don su kaɗai ba ne. Ina son mutumin da ya zama a watannin nan, ina tsoron in ya janye zai koma mai shiru, ni ma in koma mai miƙa tuwo. Akwai son kaina a ciki.

Na ce, "Malam, in ka janye, gobe da wane ido za ka auna ramin wata?"

Ya ce, "In sunka kai ni nesa hwa?"

"Ina ne nesa? Duk inda sunka kai ka, mota na zuwa."

Haka na faɗa, da bakin nan nawa. A zatona za a kai shi wani gari a cikin jiharmu, inda zai riƙa zuwa duk ƙarshen mako, shekara ɗaya ko biyu a huce a dawo da shi. Ban san girman ƙasarmu ba sai a taswirar lakwal.

Aka yi zaɓe, ko kujera ɗaya ba mu samu ba. A ƙauyen su Zali da wasu biyu kusa da fako mun zo gaba, sauran wurare kuwa manyan jam'iyyu suka kwashe. Majo ya ce ba komai, an dai ji mu. Kafin a yi shuka takarda ta iso. An tura babanku can gabas, ƙarshen ƙasa, tafiyar kwana biyu a babbar mota in hanya ta yi kyau.

Da safe muka raka shi tasha. Kai Mamman ka ƙi zuwa, ka ce kana da darasi, na san fushi ne. Hadiza ta riƙe masa buta, Abdu yana goye a bayana yana barci. Sani bai zo ba. Babanku ya leƙo ta tagar mota yana ta jaddada mini abubuwan da ba su da muhimmanci, a gyara indararo kafin ruwa, kada a bar tunkiya ta ci dashen mangwaro. Ni ma ina ta amsawa da to, to. Da motar ta juya ta bayan dutse sai na zauna a bencin mai shayi har rana ta ɗaga.

Mun yi shawara zan bi shi bayan shekara guda. Amma ƙafafun Inna suka kwanta, ba mai ɗaga ta sai ni. Ku kuna lakwal, can kuwa inda yake ƙauye ne, babu kwaleji. Shekara guda ta zama biyu, ta zama bakwai. Yakan zo da babbar sallah, wani lokaci da hutun damina, ya yi kwana goma ya koma. Kuna ganinsa kamar baƙo, kuna gaishe shi a tsaye ku wuce. Abdu sai da ya kai shekara huɗu yana ɓuya a bayana in ya gan shi. Bikin Hadiza kwana uku ya samu. Da Inna ta rasu yana hanya, ya iso an riga an kai ta. A wurin zaman makokin ne Sani ya kama hannunsa suka shiga ɗaki su biyu, suka fito idanunsu jajur. Ku sani kuma, duk shekarun da ba sa magana, ba a taɓa shiga tsakiyar damina ba tare da buhun hatsi ya iso gidan nan daga siton Sani ba, ba saƙo, ba sallama. Kada ku manta masa wannan.

Bazara biyu bayan tafiyarsa, wani konseye na babbar jam'iyya ya tashi a taro ya kawo shawarar a riƙa aikin fako da sanyin safiya, a kai ruwa da amalanke. Aka tafa masa, aka amince. Majo ya zo ya ba ni labari yana dariya har da hawaye, ya ce kalma da kalma maganar Isuhu ce, ko waƙafi bai canza ba. Na ce ba ka ji haushi ba? Ya ce haushin me, mata dai sun huta. Maganar hatsi kuwa har yau tana nan inda muka bar ta. Majo ya rasu kafin babanku ya dawo, daga nan taron inuwar dogon yaro ya watse, kowa ya kama gabansa.

Ya dawo da ritaya da ciwon suga, ya rame, gashinsa duk ya yi fari. Bai cika shekara biyu a gida ba. Kuna cewa ba ya magana, gaskiya ne, ya saba zaman kaɗaici. Amma akwai ranar da ba ku sani ba. Bayan damina ya matsa sai mun je gaishe da Zali, muka ɗauki hayar mota. A hanya ya ce direba ya ratse ta fako. Na kasa gane wurin. Ciyawa ta kai gwiwa, itatuwan ƙaya sun fi mutum tsayi, ga shanu na kiwo a ciki. Can gaba an buɗe sabon wuri, mata na saɓa diga suna shirin tafiya gida, hantsi bai gama ba. Ya sauka yana dogara sanda. Wata yarinya matashiya ta ɗebo ruwa a moɗa ta kawo masa.

"Baba, in wurin aiki kuka zo kun makara, mun tashi. Nan ba a kai rana."

Ya ce, "Wa ya ce kada a kai?"

"Oho, haka munka tarar."

Ya sha ruwan ya yi mata godiya. Muka zauna a gindin wata bagaruwa, direba na jiranmu. A nan na yi ƙarfin hali na faɗi abin da na riƙe shekara tara.

"Malam, ka yahe mini. Ni na tura ka."

Ya juyo ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce shi duk zamansa can tunaninsa shi ne ya bar ni da tsohuwa da yara, yana neman ranar da zai roƙe ni gafara bai samu baki ba. Sai ya ce:

"Kin san abin da ya hi damuna can? Ba zahi ba, ba abincinsu ba. Da sahe in na tashi sai in ji shiru. Ba ki hwaɗa da yara a kan takalmin lakwal."

Na yi dariya, na ce ashe faɗana ma ana kewarsa. Ya ce ƙwarai.

Ban ce muku mun yi daidai ba. Ku ne kuka biya abin da ba a tambaye ku ba, kuma ba ni da abin da zan mayar muku da shi. Idan aka mai da ni bayan gida da ƙwaryar dusa a hannu, na san nisan wurin, na san shekara bakwai ce, wallahi ban san me zan ce ba. Wata rana in ce zan sake faɗin haka, wata rana in ce a'a.

Can gabas inda ya yi aiki babu layin wayar salula sai ya hau babur ya je wani tudu, don haka ranar Juma'a kaɗai muke magana, bayan masallaci. Duk mako nakan tara masa labari: Abdu ya fara haƙori, akuya ta haifi biyu, wance ta yi yaji ta dawo, an yi ruwa ran Laraba har ƙorama ta kawo. Ina jera su a kaina kada in manta, saboda minti kaɗan ne. Shi ne abin da har yanzu jikina bai daina ba. Shekaranjiya da ɗiyar Hadiza ta taka ƙafarta ta farko a tsakar gidan nan, kuna ta shewa, ni kuwa na ji zuciyata ta ɗauke abin ta ajiye gefe, ta ce wannan sai Juma'a.